Kurakuran da aka fi yi a wayarin ɗin gareji da yadda ake gyara su

A yawancin gidajenmu, gareji ne ɗakin da ake tunawa da shi bayan kuɗin gini ya ƙare. Sai a ce wa mai wayarin ya jawo ƙwai ɗaya da soket ɗaya daga falo, ai mota ce kawai za ta kwana a ciki. Kafin shekara ta zagayo an kai firiza can, an ɗaura injin jan ruwa, an jera batiran inbata, ga jarkar fetur a lungu. Ɗakin da aka yi wa wayarin mafi rauni ya koma wanda ya fi ɗaukar kaya, kuma daga nan sauran kurakuran suke tasowa.

Gyaran farko shi ne gareji ya samu layinsa daga akwatin da ke rarraba wutar gida, da birekarsa shi kaɗai, wato makunnin da ke yanke wuta da kansa idan ta yi yawa. Waya mai kaurin 1.5mm ta ƙwan fitila ce. Soket yana buƙatar 2.5mm da bireka mai amfiya 20. Fulogin nan mai baki uku iyakarsa amfiya 13, wato wajen wat 3,000 a wutarmu ta bolt 230. Injin walda ko babban injin ruwa sai a ja masa layi daban da 4mm ko 6mm, gwargwadon ƙarfinsa da nisan wurin.

Kuskuren da ya fi tayar mini da hankali shi ne abin da ake yi idan bireka ta yawaita faɗuwa. Maigida ya gaji, sai a cire ta a sa babba, ko a naɗa wa fiyus waya mai kauri. Aikin bireka ta yanke wuta kafin wayar da ke cikin bango ta yi zafi. In ka ɗora mai amfiya 32 a kan siririyar waya, ka ba wayar damar narkewa ba tare da komai ya tsaya ba. Faɗuwar bireka saƙo ne: ko kaya sun yi yawa, ko wani abu ya lalace. A nemo dalilin, a rage kayan ko a ƙara layi.

Ita kanta wayar a duba ta tun a kasuwa. Fere robar, ka kankare ƙarfen da wuƙa. In fari ya fito a ƙarƙashin jan, alminiyom ne aka shafa wa jan ƙarfe, kuma ba zai ɗauki nauyin da aka rubuta a jikinsa ba. A gida kuwa, soket da bakinsa ya yi baƙi, ko fulogi mai zafi a hannu, ko warin roba, duk alamar a kashe layin ne a ranar.

Sai wayar ƙasa, koriyar nan ko mai kore da rawaya, wadda wasu ke yankewa su ce ba ta da aiki. Daɓen gareji siminti ne, yakan jiƙe da ruwan wankin mota ko na damina, yara kuma suna shiga ba takalmi. Idan an ce firiza "tana ja", wuta ce ke yoyo a jikinta ba ta samu hanyar shiga ƙasa ba sai ta jikin mutum. A tabbatar kowane soket yana da wannan waya, kuma ta kai ga sandar jan ƙarfe da aka kafa a ƙasa. A ƙara da na'urar RCD mai miliamfiya 30, wadda masu shago suka fi kira ELCB. Bireka ta yau da kullum ba ta jin ɗan abin da ya isa ya kashe mutum, ita kuwa RCD tana ji ta yanke nan take. Tana da maɓallin gwaji mai harafin T. A riƙa danna shi bayan 'yan watanni.

Soket kada ya zauna dab da ƙasa. Tururin fetur ya fi iska nauyi, ƙasa yake kwanciya, tartsatsi ɗaya ya ishe shi. A ɗaga soket zuwa wajen ƙugu ko sama. Waya ta bi cikin bututun roba saboda ɓera da gogar ƙarfe, haɗi kuma a yi shi cikin akwatin haɗi, a daina murɗawa a naɗe da salatif ko leda.

Janareta ba ya aiki a cikin gareji, ko da ƙofa a buɗe take, domin iskar da ke kisa a hayaƙinsa ba ta da wari. Kada kuma a shigar da wutarsa gida ta waya mai fulogi kai biyu: bakin ɗaya yana nan tsirara da wuta, kuma wutar na iya komawa layin waje ta kama ma'aikacin da ke kan falwaya. A sa canjoba, makunnin da ke raba wutar janareta da ta layin waje. Batiran inbata masu ruwa suna fitar da iskar haidirojin lokacin caji, don haka suna son taga, nesa da fetur.

Aikin cikin akwatin wuta a bar wa mai takardar shaidar ƙwarewa daga NEMSA, hukumar da ke kula da ingancin aikin lantarki a Najeriya. Ko soket kawai za ka canza, kada ka dogara da an ɗauke wutar NEPA: kashe babban makunni, kashe inbata da janareta, sannan ka gwada wayar da tasta kafin ka sa hannu.