Yadda Ake Samun Tikitin Jirgin Ƙasa Mai Sauƙi Tsakanin Ƙasashen Turai

A tashar Gombe Line ko ta Yankari Express, duk wanda ya shiga mota ɗaya kuɗi ɗaya zai biya, ko da asuba ya zo ko shi ne cikon ƙarshe. Jiragen ƙasan da ke tsallaka iyaka a Turai ba haka suke ba. Mutum biyu na iya zama kafaɗa da kafaɗa a tarago ɗaya, ɗaya ya biya ninki uku na abin da ɗayan ya biya. Ɗalibanmu na Bauchi da Gombe da ke karatu a Hangari, Jamus ko Birtaniya, da iyayen da ke tura musu kuɗi daga gida, suna tafka asara a nan ba gaira ba dalili.

Kamfanonin suna kasa kujerun kowane jirgi kashi-kashi. Kashin farko shi ne mafi arha, idan ya ƙare farashi ya hau mataki na gaba, haka har ranar tafiya. A kamfanin Jamus, Deutsche Bahn, mai arhar ana ce masa Super Sparpreis, sai Sparpreis, sai Flexpreis mai tsada wanda ke ba ka damar hawa kowane jirgi a ranar. A Ostiriya kamfanin ÖBB yana kiran nasa Sparschiene. Yawancin hanyoyin ƙetare ana buɗe sayar da tikitinsu watanni uku zuwa shida kafin tafiya, don haka da zarar makaranta ta fitar da ranakun hutu, ranar ce ta fara dubawa. Talata, Laraba da Alhamis sun fi sauƙi. Yammacin Juma'a da na Lahadi su ne mafi tsada, haka ma makon Kirsimeti da na Ista. Jirgin sassafe da na can dare sukan riƙe arharsu har kusa da ranar.

Akwai wani abu da ke rikita sababbi. Duk shekara a tsakiyar Disamba kamfanonin Turai ke canja jadawalinsu. Idan ka nemi jirgin ƙarshen Disamba tun a watan Satumba ka ga babu komai, ba cika ya yi ba, ba a ɗora sabon jadawalin ba ne tukuna. Ka riƙa leƙawa daga tsakiyar Oktoba, don ranar da aka buɗe ita ce ranar da mai arhar ke nan birjik.

Abu na biyu, wanda mutane da yawa ba su sani ba: jirgin da ke tsallaka iyaka yakan kasance kamfanoni biyu ne ke sayar da tikitinsa, kowanne da nasa farashi da nasa kason kujeru masu arha. Ɗauki jirgin Railjet daga tashar Keleti ta Budapest zuwa Vienna, tafiyar kamar awa biyu da minti arba'in. MÁV na Hangari yana sayarwa, ÖBB ma yana sayarwa, kuma jirgi ɗaya ne. Sau da yawa na MÁV ya fi sauƙi, amma ba kullum ba. Haka tsakanin Prague da Berlin: ka duba České dráhy na ƙasar Czech, ka duba Deutsche Bahn. Buɗe shafukan biyu a lokaci guda, ka sa rana ɗaya da jirgi ɗaya, ka kwatanta. Aikin minti goma ne. Shafuka irin su Trainline da Omio suna da amfani wajen ganin hanyoyi, amma sukan ɗora ɗan kuɗin dillanci, kuma idan matsala ta taso sai ka bi ta hannunsu. Ka gano jirgin a can, ka saya a shafin kamfanin da ke da shi.

Kada ka manta da ƙananan kamfanoni da jirage masu tafiyar hawainiya. RegioJet yana bin hanyar Prague, Vienna da Budapest da farashi mai rangwame. Tsakanin Paris da Brussels, jirgi mai gudu na Eurostar yana yin awa ɗaya da minti ashirin da 'yan kai, amma tun Disambar 2024 akwai jirgin Ouigo mai ɗaukar kusan awa uku, wanda tikitinsa ya fara daga yuro 10. Ɗalibin da ba taro zai je ba, me zai yi da gudun?

Ga waɗanda ke Jamus, akwai Deutschlandticket, tikitin wata-wata na hawa jiragen yanki a duk faɗin ƙasar, da aka fara a Mayun 2023 kan yuro 49, aka kai shi 58 a 2025. Jami'o'i da yawa suna haɗa irinsa cikin kuɗin zango. Ba ya aiki a jiragen dogon zango, wato ICE, IC ko EC, na yanki kawai, amma yana kai ka har babbar tashar Salzburg da ke cikin Ostiriya. Ke nan mai zuwa Vienna daga Munich zai iya hawa jirgin yanki zuwa Salzburg ba tare da ƙarin ko sisi ba, ya sayi tikiti daga can kawai. Luxembourg kuwa tun Maris na 2020 sufurin gwamnati kyauta ne a aji na biyu, abin da za ka biya shi ne zuwa bakin iyakarta. Sai dai Deutschlandticket rajista ce mai sabunta kanta. In ba ka soke ta zuwa ranar 10 ga wata ba, za a cire maka kuɗin watan gaba. Katin ragi na BahnCard 25 ma haka yake sabunta kansa, har na gwaji mai wata uku, don haka ranar da ka saya ka sa tunatarwar sokewa a waya.

Yanzu ga inda arha ke komawa tsada, kuma nan ne ya kamata a nutsu. Tikiti mai arha a ɗaure yake da jirgi ɗaya, rana ɗaya, lokaci ɗaya. Idan ka raba tafiyarka gida biyu, ka sayi tikiti daga nan ka sayi wani daga can don ragin yuro goma sha biyar, to a ido na doka kwangila biyu ka ƙulla. Jirgin farko ya makara, na biyu ya tashi ya bar ka, kamfani na biyu zai iya cewa ba ruwansa, ka sayi sabo da farashin ranar. Amma idan tikitin ɗaya ne daga farko har ƙarshe, wajibi ne a ɗora ka a jirgi na gaba ba tare da ƙarin kuɗi ba, kuma idan dare ya rutsa da kai a hanya a samar maka masauki. A tsarin Deutsche Bahn, da zarar an ga za ka makara minti 20 zuwa sama a inda za ka sauka a tafiyar cikin Jamus, ko minti 60 a tafiyar da ta tsallaka iyaka, ɗaurin tikitin ya warware, kana iya hawa wani jirgin nasu.

Shawarata a nan a fili take. Idan bambancin kaɗan ne, sayi tikiti ɗaya. Idan ragin yana da kauri har ka ga dole ka raba, to bar tazarar aƙalla awa ɗaya da rabi a wurin canji, kuma kada jirgi na biyu ya zama shi ne na ƙarshe a ranar. A Paris ma tashoshin daban-daban suke: wanda ya sauka a Gare du Nord zai nufi Siwizalan ko Italiya sai ya shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa zuwa Gare de Lyon, da kaya a hannu, a garin da bai sani ba. Awa guda ita ce mafi ƙarancin abin da zai ware wa wannan.

Takardu na gaba da tikiti. Mai fasfon Najeriya da ke da izinin zama a Jamus ko Hangari yana iya yawo a sauran ƙasashen Schengen, wato ƙasashen Turai da ake shiga da biza ɗaya, na kwana 90 cikin kowane 180. Bizar karatu ta Birtaniya ba ta shigar da kai Faransa, haka bizar Schengen ba ta shigar da kai Landan, kuma a Eurostar na hanyar Landan ana duba fasfo tun kafin a hau, a tashar St Pancras ko Gare du Nord. Kada ka sayi Super Sparpreis ko makamancinsa kafin biza ta fito, don ba a mayar da kuɗinsa. Ko a cikin Schengen ɗin, ka riƙe fasfo da katin izinin zama duka biyun, na ainihi ba hoto a waya ba. Tun Satumbar 2024 Jamus ke bincike a dukkan iyakokinta na ƙasa, 'yan sanda kan shigo tarago su tambaya. Sunan da ke kan tikiti ya dace da na fasfo harafi da harafi. Mai suna Muhammad a fasfo kada yayansa da ke Bauchi ya saya masa ya rubuta Mamman.

Wajen biya, idan shafin ya tambaye ka ko a cire da naira ko dala maimakon yuro, zaɓi kuɗin ƙasar kamfanin, don canjin da shafin ke yi da kansa ya fi na banki tsada. Bankunan gida sukan canja iyakar abin da katin naira zai kashe a waje, don haka Baba ko Hajiya da za su biya daga Gombe su tambayi bankinsu tukuna. Mafi sauƙi dai a tura wa yaron kuɗin ya saya da katinsa na can.

Tikitin yawo na Interrail, wanda mai izinin zama a Turai ke iya saya, da Eurail na wanda ya zo daga waje, suna aiki a ƙasashe 33, kuma akwai ragi ga mai shekara 27 zuwa ƙasa. Ba su da riba ga mai zuwa gari ɗaya ya dawo. Suna amfani ga mai dogayen tafiye-tafiye huɗu ko biyar cikin wata guda, ko wanda bai san ranarsa ba sai a ƙurarren lokaci. A lissafa da kuɗin kama kujera: a Eurostar yakan kai yuro 30 zuwa sama kowace tafiya, jiragen Faransa da Italiya masu gudu ma sai an biya, yayin da a yawancin jiragen Jamus da Ostiriya ba dole ba ne.

Jirgin dare na Nightjet yana haɗa kuɗin tafiya da na otal wuri ɗaya, kuma akwai ɗakin kwana na mata zalla da ake zaɓa lokacin saye, abin da zai kwantar wa iyaye da yawa hankali. Kafin a ce jirgin sama mai arha ya fi, a haɗa kuɗin jaka da na zuwa filin jirgi. Eurostar yana barin manyan jakunkuna biyu da ƙaramar hannu ba tare da awo ba.

Idan jirgi ya makara, akwai diyya a dokar Tarayyar Turai: kashi 25 cikin ɗari na kuɗin tikiti daga minti 60 zuwa 119, kashi 50 daga minti 120 zuwa sama, har da tikiti mai arha. Sai ka nema ake biya. Ka ajiye tikitin, ka ɗauki hoton allon tasha ko na manhajar da ke nuna makarar, ka cike takardar a shafin kamfanin da ka saya a wurinsa cikin makon, kafin lambar jirgin da lokacin saukarka su ɓace maka.