Idan masu sabis na dila suka ɓata maka mashin, ga yadda za ka bi haƙƙinka

Bara na kai Boxer ɗina sabis na biyu wajen dilan da na saya a hannunsa, don kar garanti ya faɗi. Na karɓo da yamma ina sauri, washegari da asuba zan fita masallaci sai ga baƙin mai ya yi tabki a ƙarƙashinsa, har simintin zauren ya jiƙe. Ashe yaron da ya juye man ne ya ɗaure notin ƙasa da ƙarfin tsiya har zaren ya cinye, kuma jikin injin nan alminiyom ne, ba ya jure irin wannan murɗar. Sati uku na yi ina zarya kafin a gyara, shi ya sa nake so in rage ma wani wahala.

Abu na farko tun kafin ka miƙa makulli ne. Ɗauko wayarka ka zagaya mashin da bidiyo a gabansu, tanki, fitila, madubi, salansa, ka haska mita a ga kilomita nawa ya ci. Ka sa su rubuta aikin da za su yi a takarda da kwanan wata, ka riƙe kwafinka. Wani zai ce ai an saba, kunya yake ji. Wallahi ranar da fentin tankinka ya karce, sabon nan ba zai tsaya maka shaida ba, cewa za a yi da ma haka ka kawo shi.

In ka zo ɗauka kar ka hau ka wuce kamar yadda na yi. Tada shi ya yi minti biyar a tsaye, tsuguna ka leƙa ƙasan inji ko akwai ɗigo, zaro ma'aunin baƙin mai ka gani, taka birki, taɓa sarƙa ka ji ko sun ja ta fiye da kima. Duk abin da ka gani a harabarsu ba shi da gardama, amma da zarar ka fita ƙofa magana ta zama ka ce na ce.

To in sai a gida ka gano fa? Nan ne mutane suka fi yin asara. Kar ka tada shi in mai ne ya zube, lita ɗaya ce kacal ko kusa da haka a cikinsa, tafiya kaɗan ba mai sai inji ya kama, ƙaramar ɓarna ta zama babba kuma su ce kai ka jawo. Sannan don Allah kar ka kai wa bakaniken unguwa ya kwance, ko da ƙaninka ne, domin yana sa sifana shi kenan sun samu mafita, za su ce hannun wani ya shiga. Ya duba da ido ya gaya maka ra'ayinsa, wannan ba laifi. Ɗauki hoto a inda yake, ka ɗora shi a mota ko a tura shi a mayar musu ran nan.

Da ka isa ka nemi manaja, ka bar yaran shago, ba su da ikon yanke komai kuma tsoron a cire musu a albashi zai sa su rantse. Ni cewa na yi, ranka ya daɗe ga yadda na kawo shi, ga yadda na same shi, me za a yi? Ba zagi ba ɗaga murya. Ka faɗi abin da kake so ƙarara. Ni sun so su naɗa wa notin zaren famfo su liƙe da gam, na ƙi, na ce ko a sake yanka zare a sa wanda ya dace ko a canja ɓangaren gaba ɗaya, kuma a rubuta cewa garantina yana nan. Duk abin da kuka yi da baki, ka koma gida ka tura masa a WhatsApp, “kamar yadda muka yi yau, za a gama ran Alhamis”, ya zama akwai rubutu.

In suka fara yi maka gobe jibi, rubuta wa kamfanin da ya ba su dilanci, adireshinsu na cikin littafin garanti, ka haɗa lambar inji da ta bodi da rasit da hotuna. Sama da nan akwai hukumar FCCPC ta tarayya, wadda dokar 2018 ta kafa don kare masu saye, tana karɓar koke ta intanet. A Kano kuma akwai hukumar kare haƙƙin masu saye ta jiha, ga kotun ƙananan ƙararraki da ba dole sai ka ɗauki lauya ba.

In da mashin ɗin kake neman abinci, rubuta kwanakin da ya yi a ajiye da kuɗin motar da ka kashe, ka sa su cikin takardar koken. Ranar da aka ce an gama kuma, shimfiɗa kwali a ƙarƙashinsa ya kwana, da safe ka duba kafin ka ce musu ka gamsu.