Yadda ake barin nama ba tare da suga ya ƙara hawa ba

Wata huɗu na yi ban sa nama a bakina ba, da na koma asibiti sai na tarar sugana ya ƙaru. Awon safe kafin karya kumallo da farko 108 ne, ya koma 117, ga kilo biyu da na ƙara a kai. Na zauna a benci ina juya takardar, raina a ɓace, don duk gidanmu an san na daina cin nama saboda lafiya, har tsokanata ake yi. Da ma'aikaciyar jinya ta ce in lissafo mata abin da na ci jiya, ni da kaina na ji kunya kafin in kai ƙarshe: koko da ƙosai da safe, taliya da mai da yaji da rana, fanke da zoɓo da la'asar, tuwon shinkafa malmala biyu da dare. Babu nama ko tsoka ɗaya, amma kusan komai gari ne da mai da sukari.

Tun daga lokacin na ga mata da dama sun faɗa wannan ramin, shi ya sa na rubuta wannan. Da mata nake magana don mu ke riƙe da tukunya, amma maigida mai teɓa ma ya karanta.

Na farko: ki san da me kike faɗa

Insulin sinadari ne da wata gaɓa da ke bayan tumbi take fitarwa, aikinsa ya shigar da sukarin da ke yawo a jini cikin tsoka da sauran sassan jiki. Idan kitse ya taru a hanta da cikin tsoka, sai jiki ya fara yi wa insulin kunnen ƙashi. Gaɓar nan sai ta dinga ninka abin da take fitarwa don aikin ya yiwu, shekara da shekaru, har ta gaji. Kafin ta gaji ɗin ne ake cewa jiki ya bijire wa insulin, kuma a lokacin ne gyara ya fi sauƙi. Alamunsa sun haɗa da teɓa, da barci mai nauyi bayan cin abinci, da wani baƙi mai kauri a bayan wuya ko hammata wanda sabulu ba ya fitarwa. Nawa mata suka ɓata kuɗi a man shafawa a kan wannan baƙin! Masu rikicewar al'ada da fitowar gashi a haɓa su ma sau da yawa nan matsalar take.

Ki je a auna ki kafin ki canza komai. Awon safe daga 100 zuwa 125 yana nufin kina bakin gaɓa, 126 zuwa sama idan ya maimaitu ciwon suga ne. Idan na'urar ta ƙananan lambobi ce, 5.6 zuwa 6.9 ne bakin gaɓar. Akwai kuma gwajin HbA1c mai nuna matsakaicin wata uku, wanda 5.7 zuwa 6.4 ne yankin gargaɗi. Ya fi tsada, amma a ganina kada a tsallake shi. Sannan ki ari tef ɗin tela ki auna ƙugunki daidai cibiya: ana so ya gaza rabin tsawonki.

Idan kina kan allurar insulin ko ƙwayar suga irin glibenclamide, sai kin gaya wa likitanki tukuna. Canza abinci yana iya faɗar da suga ƙasa da 70, ki ji rawar jiki da gumi da jiri. Mai ciwon ƙoda ma kada ta dumfari wake da yawa sai da izinin likita.

Na biyu: ki yanke irin barin naman da za ki yi

Akwai masu barin nama da kifi amma suna cin ƙwai da nono, akwai masu barin duk abin da ya fito daga dabba. Ni ta farkon nake bi, kuma ita nake ba kowa shawara. Ta biyun tana buƙatar lissafi da kuɗin ƙwayoyin bitamin da yawancinmu ba za mu jure ba. Kuma don kada a yi min mummunar fahimta, nama halal ne, ba wanda ya haramta shi. Magana ce ta magani, kamar mai hawan jini da ya rage gishiri.

Hujjar tana da ƙarfi. A Amurka akwai mabiya cocin Adventist da yawansu ba sa cin nama. Wani bincike na jami'ar Loma Linda da aka buga a 2009, kan mutum fiye da 60,000, ya samu ciwon suga a kashi 7.6 cikin ɗari na masu cin nama, kashi 3.2 na masu ƙwai da nono kawai, da kashi 2.9 na waɗanda suka bar komai na dabba. Dubi yadda tazarar da ke tsakanin na biyun da na ukun take ƙarama. A 2020 kuma an buga wani gwaji da aka yi da mutum 244 masu ƙiba na tsawon mako 16, inda waɗanda aka ɗora kan abincin tsiro mai ƙarancin mai suka sauke kusan kilo shida, kitsen hantarsu ya ragu da kusan kashi ɗaya cikin uku, jikinsu ya ƙara jin maganar insulin. Ki riƙe wannan kalmar, mai ƙarancin mai, za mu dawo kanta.

Na uku: abin da zai maye gurbin naman

Nan ne na faɗi, nan kuma kowa ke faɗuwa, don haka zan daɗe a nan.

Idan aka cire nama daga kwano, ciki ba ya yafewa. Wurin da naman ya bari sai wani abu ya cike shi, kuma hannu abin da ya saba yake kaiwa: ƙarin malmala, ƙarin shinkafa, burodi da shayi mai kauri. In da barin nama kaɗai ne magani, da Indiya, inda miliyoyin mutane ba su taɓa cin nama ba tun haihuwa, ba ta san ciwon suga ba. Amma ƙididdigar da aka fitar a 2023 ta nuna mutum miliyan 101 ke da shi a can, wasu miliyan 136 kuma suna bakin gaɓa. Mu ma nan gidaje nawa ne ke wata guda ba a ɗora nama ba saboda tsada, kuma suga bai ƙyale su ba? Masu bincike na Harvard sun bi mutum fiye da 200,000, suka buga sakamakon a 2016: masu cin tsiro na kirki, wato hatsi da dusarsa, wake, ganye, gyaɗa, haɗarin kamuwarsu ya ragu da kashi 34, masu cin tsiron da ya ƙunshi farin gari da lemon kwalba da kayan zaƙi kuwa nasu ƙaruwa ya yi da kashi 16.

To dokata ita ce: wake ne zai shiga gurbin naman, sannan ya ture rabin tuwon. Wake yana da furotin, yana kuma da ɓawo da harzar da ke sa sukarinsa ya shiga jini a hankali. Allah ya hore mana shi, Najeriya ce kan gaba a duniya wajen noman wake, Nijar na bi mata.

Ɗauki garau-garau. Yadda muka saba, gwangwani uku na shinkafa ne, wake kuwa ɗan barbaɗe, sai an tona ake ganinsa. Ki juya lissafin: gwangwani biyu na wake, ɗaya na shinkafa. Yara za su yi ƙorafi mako guda su saba. Sannan man. Kada ki tsiyaya daga galan, ki sa cokali. Cokalin cin abinci ɗaya na mai, na gyaɗa ne ko manja, yana da kalori kusan 120, kuma na taɓa auna abin da nake zubawa da ido, cokali huɗu ne har da ɗoriya. Yanzu ɗaya nake sawa, in cike sauran da tumatir da albasa da kokwamba da kabeji yankakku, yaji kuwa yadda raina ke so.

Awara ita ce ta fi yaudarar mutane. Waken suya abu ne mai kyau ƙwarai, sitacinsa kaɗan ne, furotin ɗinsa da yawa. Amma wadda ake saya a bakin titi an tsoma ta a mai har ta sha ta ƙoshi, wani lokaci a sake tsoma ta a ruwan ƙwai a mayar kasko. Ki ce wa mai awarar ta sayar miki da ɗanya kafin ta soya, ta fi ma araha. Ki yanka ta ƙanana ki jefa a miyar alayyahu ko ta kuɓewa minti goma kafin saukewa, ko ki gasa ta a kaskon da kika shafa wa mai da yatsa. Ƙosai kuma ki mayar da shi alala, kuma ki bar ɓawon waken ki markaɗa da shi. Na san za a ce alalar ba ta yi fari ba. Ba ta yi ɗin, amma kin huta da surfe, kuma abin da kike nema yana cikin ɓawon.

Ɗanwake sai a yi hattara. Sunansa kawai ya rage, yawancin na yanzu fulawa ce da garin rogo. In ba ke kika haɗa garin da kanki wake ya rinjaya ba, ki ɗauke shi a matsayin tuwo.

Shi kansa tuwon ban ce a bari ba. Malmala ɗaya daidai dunƙulen hannunki, ta dawa ko gero ko masarar da ba a surfe ta fes ba, miya kuma ta ninka ta yawa. A nan zan saɓa wa mutane da yawa: tuwon alkama da na acca da ake cewa abincin masu suga ne, su ma sitaci ne. Na ga wadda ke cin malmala uku ta alkama hankalinta kwance, wai ai magani ne, ga tsada. Gara ki ci ɗaya ta dawa. Miyar da ba nama kuwa daddawa ce ke tsayar da ita, da albasa mai yawa, da agushi ko niƙaƙƙiyar gyaɗa ko riɗi. Miyar kuka da wake a ciki ba sabon abu ba ne, kakanninmu sun ci.

Ki kuma canza abin da kike fara kaiwa baki. Kwaɗon zogale ko na rama da ƙuli-ƙuli a fara da shi, sai wake ko ƙwai, tuwo ya zo ƙarshe. An gwada an gani, abinci iri ɗaya ne amma suga ba ya yin tsalle kamar in an fara da sitacin. Sai dai ki ɗanɗana ƙulin kafin ki saya, wasu suna sa sukari.

Maganar kumburin ciki: zai zo, kuma shi ke korar mutane a mako na farko. Kada ki tashi daga wake sau ɗaya a mako ki koma sau uku a rana. Ki fara da ludayi ɗaya kullum, ki ƙara bayan kwana huɗu ko biyar. Ki jiƙa waken tun dare, ki zubar da ruwan, ki dafa da sabo har ya yi luguf. Jiƙon yana rage gawayi ko gas ɗin da za ki ƙona, kuma ba sai kin zuba kanwa ba, wadda ke kashe wasu bitamin ɗin kuma ba ta dace da mai hawan jini ba. Ni nakan dafa na kwana uku in raba a robobi, ranar da wuta ta yi mana halinta sai in ɗumama safe da yamma. Gurjiya dafaffiya ma tana canza baki.

Na huɗu: abin sha

Kwalbar lemo ɗaya tana ɗauke da sukari kusan cokalin shayi tara. Zoɓo da kunun aya na sayarwa su ma cike suke da sukari, sai ma a rasa mai ce miki nawa aka zuba. Koko da kunu ko ba sukari suna saurin ɗaga suga saboda garin ya riga ya narke, don haka kofi ƙarami, tare da alala ko dafaffen ƙwai. Fura a dama ta da nono mai yawa, fura kaɗan, ba sukari. Zuma ma sukari ce. Lemon zaƙi da gwaiba a ci su da tsokarsu, kada a matse.

Na biyar: abin da naman ya tafi da shi

Bitamin B12 babu shi a tsiro, sai a nama da kifi da ƙwai da nono. Rashinsa yana kawo kasala da ƙarancin jini da dindiris a tafin ƙafa, wanda ake ɗauka suga ne ya taɓa jijiya. Ƙwayar suga ta metformin ma idan an daɗe ana sha tana rage shi. Ƙwai da kindirmo su zama na kullum, in kuma kin bar su duka to ƙwayar B12 dole ce. Don ƙarin jini, ki matsa lemon tsami a kwaɗo da wake, kuma kada ki sha shayi a kan abinci, ki ba shi tazarar awa guda. Mai ciki da mai shayarwa kada su bar nama sai sun yi magana da likita.

Na shida: motsi da sake awo

Tafiyar minti goma zuwa sha biyar bayan abincin dare, ko zagayen tsakar gida ne, ko shara. A babban gwajin rigakafin suga na Amurka da aka buga a 2002, rage kashi 7 na nauyin jiki da motsi na minti 150 a mako sun rage kamuwa da kashi 58, sun ma fi metformin da ya rage kashi 31. Mai kilo 80 kilo biyar da rabi ke nan.

In kina da na'urar awo a gida, tsinken gwajin yana da tsada, kada ki ƙarar da shi kan awon safe kullum. Ki zaɓi abinci ɗaya da kike shakka, ki auna kafin ki ci, ki sake aunawa bayan awa biyu. Ƙasa da 140 ake so ga wadda ba ta kamu ba. Haka na gano masa uku da miyar taushe sun fi ƙarfina, garau-garau mai rinjayen wake kuwa lafiya lau. Da layya nakan ci tsoka biyu uku in koma kan tsarina washegari. Bayan wata uku ki maimaita HbA1c da awon ƙugu, ki tafi da tsohuwar takardar a jakarki don a kwatanta.