Yadda Ake Gwada Ƙarfin Ƙashin Ɓera ta Fuskar Abinci, Shekaru da Ƙiba

Ɗalibanmu na unguwannin Nima da Mamobi a Accra da ke karatun kimiyya a Jami'ar Ghana da ke Legon kan ɗauka cewa ɓeran da ya fi nauyi shi ya fi ƙarfin ƙashi. Wanda ya dogara da sikeli kaɗai zai yi wa rogo kallon kitse, domin nauyi ya haɗa da tsoka da kitse, kuma kowannensu da irin tasirinsa a kan ƙashi.

Kafin ka taɓa ko da ɓera ɗaya, sai ka nemi izinin kwamitin kula da dabbobin gwaji na jami'a. Ɓerayen kuwa ba na bayan kasuwa ake kamowa ba. Cibiyar binciken lafiya ta Noguchi da ke Legon, wadda aka buɗe a 1979, tana da sashen dabbobin gwaji, kuma can ya kamata ka fara tambaya. An fi amfani da baƙin ɓeran nan C57BL/6, saboda yana saurin tara kitse idan ya samu abinci mai maiƙo. Ka ware maza daban, mata daban.

Batun shekaru, ko in ce watanni, shi ne ya fi ɓata wa ɗalibai aiki. Ana yaye ɗan ɓera yana da mako 3, ƙashinsa ya cika wajen wata 4, kuma ɓera mai wata 18 zuwa 24 tsoho ne, kwatankwacin mutum mai shekara 56 zuwa 69. Ƙashin cinya, wanda shi za ka gwada, yana da sassa biyu: bango mai tauri a tsakiya, da wani sashe mai kama da soso a cikin bakunansa. Soson nan yakan fara raguwa tun ɓera yana ɗan wata biyu, musamman a mata, alhali tsakiyar ƙashin tana ci gaba da faɗi, sai tsufa ya zo bangon ya sirance. Saboda haka, idan ka fara ba da abinci mai maiƙo daga yaye, girma kake nazari ba tsufa ba, kuma kada ka haɗa rukuni biyu da ba tsaran juna ba ne.

Abinci kala biyu za ka tanada. A ɗaya, kashi 10 cikin 100 na kuzarin abincin ne ke fitowa daga mai, a ɗayan kuma kashi 45 ko 60. Dole ka tabbatar furotin da kalsiyam da fosfaros da bitamin D sun daidaita a dukansu, in ba haka ba ba za ka san abin da ya taɓa ƙashin ba. Haɗin abincin ɓerayen gwaji mai suna AIN-93, wanda masana abinci na Amurka suka tsara a 1993, yana ɗauke da giram 5 na kalsiyam a kowane kilo. A zafin Accra abincin mai maiƙo yakan yi laushi ya canza wari cikin ƴan kwanaki, don haka ka ajiye shi a firiji, ka riƙa sauya na cikin keji sau biyu a mako. Ɗakin ya zauna tsakanin digiri 20 da 24, da haske na awa 12 da duhu na awa 12.

Ka auna nauyi kowane mako. Na'urar DEXA, mai ɗaukar hoton jiki, tana nuna yawan kitse daban da na tsoka. Idan babu ita, a ranar fiɗa ka cire kitsen mara da tsokar sha-raɓa ka auna kowanne. A ganina wannan ƴar wahalar ta fi kowace amfani, domin ƙarfin ƙashi ya fi bin yawan tsoka a kan yawan kitse.

Da ka ciro ƙashin cinya, ka kankare naman a hankali, ka naɗe shi a bandeji da aka jiƙa da ruwan gishiri mai kashi 0.9 cikin 100, ka sa a firiza mai sanyin digiri 20 ƙasa da sifili. Kada ka jefa shi a fomalin (ruwan maganin da ke hana nama ruɓewa), kada kuma ya bushe, domin duka biyun suna canza yadda yake karyewa. Ka zaɓi firizar da ke haɗe da janareta, saboda ɗaukewar wuta.

Gwajin kansa ba shi da wuya. Ana ɗora ƙashin a kan ƴan turaku biyu, na'ura ta danna tsakiyarsa sannu a hankali har ya ce ƙas, kwamfuta kuma ta rubuta nauyin da ya ɗauka kafin ya karye. Kowane ƙashi ya kwanta ta fuska ɗaya, tazarar turakun kuma kada ta canza. Ka rubuta sakamakon kashi biyu, wato yadda ya fito da kuma bayan an gwama shi da nauyin jiki, domin ƙashin ɓera mai ƙiba yana iya ɗaukar nauyi daidai da na siriri, amma ya gaza idan aka dubi jikin da yake ɗauke da shi.

Wannan gwajin bangon tsakiya kawai yake aunawa. Ɓarnar abinci mai maiƙo ta fi bayyana a cikin soso, inda zaren ƙashi ke raguwa, kitse ya yawaita a ɓargo, kuma ganin haka sai da na'urar maikro-CT mai ɗaukar hoton cikin ƙashi ko a yanka ƙashin sala-sala a duba a madubin likita. Saboda wannan ne za ka karya ƙashin ƙafar dama, ka adana na hagu domin hoton.