Abin taɓawa na taron gida a Kumasi: shawara ga sababbin zuwa

Yawancin matan da suka zo Kumasi daga Kano, Sakkwato ko Damagaram, taron farko da suka haɗa a gida shi ke ba su wuya, ko suna ne, ko walimar sauka, ko kiran maƙwabta a san juna. Sai mace ta ɗora tukunyar shinkafa ta mutum arba'in, ta wuni a bakin wuta, baƙi su zo su same ta a galabaice. 'Yar'uwa, ki sauƙaƙa wa kanki. Taron yamma a tsakar gida, abin da ake ɗauka da hannu ko da tsinke ya ishe shi.

Ki fara sanin lokutan garin. Yuli da Agusta, lokacin da 'yan'uwa na Ingila da Amurka suke zuwa hutu ana ta taruwa, ba lokacin zafi ba ne a nan. Zafin Kumasi na Fabrairu da Maris ne. Daga Afrilu zuwa Yuli ruwa ake shatatawa, Agusta ya ɗan tsagaita, Satumba da Oktoba ya dawo. Rumfa dole ce ke nan. In ranar Asabar kika sa, ki kama rumfar da kujeru tun da wuri, don ita ce ranar manyan bukukuwan mutuwa a wurin Asante, 'yan asalin garin, kayan haya ba sa zama.

Abin da ya fi ba baƙuwa mamaki shi ne danshi. A arewa cincin zai yi mako a faranti bai ce komai ba. Nan kuwa iska a jiƙe take: ƙuliƙuli, soyayyar gyaɗa, kilishin da aka kawo miki tsaraba, duk kafin dare sun yi laushi. Duk abin da kike so ya yi ƙaras-ƙaras, ki rufe shi a kwalba ko roba mai murfi, ki riƙa fito da shi kaɗan-kaɗan. Suya kuma a bar ta sai baƙi sun kusa, kada a yi ta tun da hantsi.

In abu ɗaya za ki koya daga mutanen garin, to ya zama kelewele. Soyayyar agada ce mai yaji, kuma sirrinta yana wurin zaɓe. Ki nemi wadda ɓawonta ya yi rawaya ya soma ɗigon baƙi. In ta yi baƙi ƙirin za ta sha mai ta lafke a kasko, in kuwa da sauran kore a jikinta ba za ki ji zaƙi ba. Ki yanka ta ƙanana kamar gaɓar yatsa. Ki niƙa ɗanyar citta da yawa, attaruhu, albasa, ɗan kanumfari da kimba, ki sa gishiri, ki cakuɗa da agadar ki bar ta rabin awa. Mai ya yi zafi sosai kafin ki zuba, kuma kada ki cika kaskon, don in suka taru sai su manne. Idan ta yi ja mai duhu, gefenta ya ɗan ƙone da zaƙinta, ta yi. A zuba a ƙananan mazubai da soyayyar gyaɗa a gefe. Da daddare ake sayar da ita a bakin titi, ki saya sau ɗaya ki ɗanɗana kafin ki yi taki, ki ji yadda cittar take fitowa gaba da barkonon.

Tsire kam kada ki wahalar da kanki. Chichinga ake ce masa a nan, kuma masu gasa shi galibi namu ne, 'yan Zango, wato unguwannin Hausawa da sauran Musulmi, da mutanen arewa. Ki tura maigida ko ƙaninki wurin mai tsire a unguwar Aboabo ko Asawase tun ana gobe, a faɗa masa yawan tsinke da lokacin ɗauka, a ce ya ƙulla yaji daban. A wajen Zango sai kin lura, akwai wuraren da ake gasa naman alade. Tambaya ba abin kunya ba ce, kuma naman da za ki soya da kanki, wurin mahautan Zango za ki saye shi.

Ƙosai kowa ya san shi, har waɗanda ba sa jin Hausa, da koko suke karya kumallo da shi. Na taro a yi shi ƙanana, loma ɗaya. Masa ta nan galibi da sukari ake cin ta, don haka in kika yi irin ta gida, ta shinkafa, kika ajiye yajin ƙuli da ɗan mai, ita za a fara cinyewa. Akwai kuma pinkaso na matan Zango, kwaɓin fulawa da yis da albasa da barkono, a soya da ɗan rami a tsakiya, a barbaɗa sukari. Wannan ni a ganina saye ya fi, don hannunsu ya riga ya faɗa.

Mafi arha duka shi ne ƙwai da barkono, wanda Asante ke kira kosua ne meko. A dafa ƙwai ya yi tauri, a ɓare, a tsaga shi ba tare da an raba biyu ba, a cusa jajjagen ɗanyen tumatir da attaruhu da albasa da gishiri. A kaskon ƙasa mai zane-zane a ciki ake niƙa jajjagen, apotoyewa, za ki same shi a kasuwar Kejetia, kuma ya fi injin markaɗe don ba ya mai da tumatirin ruwa. Ɗanye ne fa, a yi shi daf da ci.

Ki ƙara da soyayyar doya da shito, baƙin barkonon nan da ake soyawa a mai da busasshen kifi da jatan lande har ya yi duhu. Ana sayar da shi a kwalba, yana daɗewa muddin mai ya rufe samansa. Tunda da jatan lande a ciki, ki gaya wa baƙin da suka zo daga gida, wani jikinsa ba ya karɓa. Wagashi kuma cukun nonon shanu ne na Fulani, ba awarar waken suya ba, a yanka a soya a barbaɗa yaji.

Abin sha ba wuya: zoɓo, wanda za ki ji ana ce wa sobolo, da lamurje. Burkina, wato gero da nono, tana da farin jini, amma ba ta jure jira, kuma wuta kan ɗauke ba sallama. Ki sayi ƙanƙara ki ajiye ta a kula. A kasuwa ba da mudu ko tiya ake awo ba, da olonka da gwangwanin bota ne, ki ce a nuna miki girmansu kafin ki yi ciniki.

In gidan haya kike mai ɗakuna da yawa, ki sanar da mai gidan da maƙwabta tun kafin ranar, kuma kowace ƙofa a kai mata faranti, Musulmi da Kirista. Ki ajiye ruwa da sabulu a bakin rumfa, yaran da ke rabo kuma a ja musu kunne su miƙa da dama. Tun kafin kowa ya zo ki ware na guzuri a 'yan robobi, don dattijuwar da ta tashi tafiya ba a barin ta ta fita hannu rabbana.