Nauyin allurar garmaho: inda masu faifai suka fi yin kuskure

Duk wanda ya gaji faya-fayan highlife daga mahaifinsa a Nima ko Sabon Zango, ko ya tsinci tsohuwar na'urar garmaho ƙirar Technics a wajen 'yan gwanjon Accra, ya san dabarar nan: allura ta fara tsalle, sai a ɗora kwandala a kan hannun garmaho a manne da salatif. Tsallen kan tsaya, ba a musu. Amma yawancin alluran sauraro a gida giram 1.5 zuwa 2.5 kawai suke so, kwandalar sidi ɗaya kuwa ita kaɗai ta ninka haka. Siririn ƙarfen da ke ɗauke da bakin allura a kan ɗan roba yake zaune. In aka danne shi robar ta saki, sai ka ga ƙasan kan allurar, wato ɗan akwatin da allurar ke maƙale a jikinsa, yana neman shafar faifai. Cire kwandalar, ka nemi abin da ya kawo tsallen. Sau da yawa ƙura ce ta dunƙule a bakin allura, balle da hunturu, ko teburin ne ya karkace. Ara ma'aunin magina mai kumfar ruwa ka ɗora a kan farantin, nan take za ka gani.

Wanda ya fi ba ni takaici shi ne kishiyar wannan, don masu yin sa gani suke tausayin faifai suke ji. "Malam, rage nauyi kada ta cinye maka faifai." Shawara ce mai daɗin ji, amma ɓarnarta ta fi ta ɗan ƙarin nauyi. Allurar da ba ta da isasshen nauyi ba ta zama daram a cikin layin faifai. Da ƙahoni da ganguna sun tashi, sai ta riƙa karo da bangon layin hagu da dama, karon nan ne ke gutsurar faifan, kuma abin da ya gutsure ya tafi ke nan. Kunne na ji tun kafin ido ya gani: muryar mawaƙi ta riƙa ƙara kamar an ɗiga ruwa a mai mai zafi, musamman a waƙoƙin kusa da tsakiyar faifai. In kamfani ya ce 1.8 zuwa 2.2, ni na fi son a tsaya tsakiya ko a ɗan haura sama.

Lambar kuwa ta kamfanin da ya ƙera kan allurar ce, ba ta maƙwabci ba. Ortofon 2M Red 1.8 take so. Audio-Technica AT-VM95E tana son 2.0. Shure M44-7 da masu kiɗan biki suka daɗe suna ƙauna tana ɗaukar har 3. In ka kwafi lambar mai kiɗan suna ka sa wa taka ta falo, ka cuce ta.

Sai wurin saiti. A bayan hannu akwai dunƙulen ƙarfe, a gabansa akwai zobe mai lambobi. Zoben nan shi kaɗai ba ya ƙara nauyi, ba ya ragewa, alama ce kawai. Mutane da yawa shi suke juyawa zuwa 2 su ce an gama. Ga yadda ake yi: zare wuta, cire murfin allura don shi ma yana da nauyinsa, mayar da maɓallin anti-siket, mai hana hannu zamewa ciki, kan sifiri. Riƙe hannun da yatsa kada allura ta faɗi, ka riƙa murza ƙarfen bayan har hannun ya tsaya a iska a miƙe, bai yi sama ba bai yi ƙasa ba. Kashe fanka tukuna, iskarta na kaɗa shi. Yanzu mayar da hannun mazauninsa, riƙe ƙarfen kam, juya zoben kaɗai zuwa sifiri. Daga nan murza ƙarfen gaba ɗaya, da shi da zoben suna tafiya tare, yana matsowa gaba, har lambar da kake so ta zo kan layin alamar da ke jikin hannun. Anti-siket ya bi lambar nan.

Lambobin tsohuwar na'ura ba abin dogaro ba ne sosai, shi ya sa ƙaramin sikeli mai nuna giram 0.01 ke da amfani. Irin na masu awon zinare zai yi, amma da sharaɗi biyu. Dole bakin allura ya sauka daidai tsayin da faifai yake zama, in sikelin ya yi kauri cire shimfiɗar robar farantin. Sannan in farantin sikelin ƙarfe ne da maganaɗisu ke kamawa, maganaɗisun cikin kan allura zai ja shi, awon ya yi ƙarya.

Duk ranar da ka canza kan allura, ko aka ɗauki na'urar a tasi zuwa wani gida, sake saiti daga farko. Su kuwa ƙananan garmahon nan masu kama da akwatin tafiya, galibinsu ba su da ƙarfen baya, nauyinsu daga kamfani yake, yakan kai giram 5. Babu abin saitawa a jikinsu, don haka faifan da ka san ba za ka sake samun irinsa a kasuwa ba, kada ka ɗora shi a kansu.