Yadda Ake Zaɓar Salon Dokumentari Kafin A Kunna Kyamara

Masu fara harkar dokumentari, wato fim na abin da ya faru da gaske, sukan kwaso hotuna jibgi guda, sai an zauna tacewa a tarar labarin ba kai ba gindi. Tun farko aka yi sake, ba a zaɓi salo ba.

Mataki na farko, duba abin da ke hannunka. Idan lamarin ya riga ya wuce, tsofaffin hotuna da takardu kaɗai suka rage, rubuta bayani, murya ta karanta shi a bayan hoto. Haka Ken Burns, mai shirya fim ɗan Amurka, ya yi da yaƙin basasar Amurka a 1990, yana jan kyamara sannu a hankali a kan hoto maras motsi. Salon yana da sauƙi, amma yakan gundura da zarar murya ta koma faɗin abin da ido ya riga ya gani.

Na biyu, idan abin yanzu yake faruwa, za ka yi shiru ne ko za ka sa baki? A nan aikin yake. Wajen 1960, da aka samu kyamarar da ake saɓawa a kafaɗa, Robert Drew da abokansa a Amurka suka zaɓi shiru: ba tambaya, ba mai sharhi, kallo kawai. A ce maƙeri za ka ɗauka. Yi kwana uku kana zuwa maƙera hannu rabbana, har ya daina gyara hula idan ya hango ka. Ranar ɗauka, ka bar zuga-zugi da ƙarar guduma su yi magana.

Jean Rouch, Bafaranshen da ya zo Nijar a 1941 a matsayin injiniya kafin ya koma shirya fim, bai yarda kyamara na ɓuya ba. Shi yakan shiga cikin mutane, ya yi tambaya, daga baya ya haska musu fim ɗin ya ji ta bakinsu. Ya rasu a 2004 a haɗarin mota kusa da Birnin Konni. Ni dai hanyarsa ta fi kwanta mini, domin wanda aka ɗauka yana da ta cewa.

Na uku, idan babu hoton abin da ya faru, kana iya sa a kwaikwaya, amma mai kallo ya san kwaikwayo ne. Errol Morris ya yi haka a 1988 kan wani da aka ɗaure a Texas bisa kisan ɗan sanda, shekara na zagayowa aka sake shi. Robert Flaherty kuwa har yau ana sukarsa kan fim ɗinsa na 1922, inda ya sa mafarautan Inuwit, mutanen yankin ƙanƙara na arewacin Kanada, riƙe mashi alhali sun san bindiga.

Na huɗu, rubuta dokokinka a shafi ɗaya: akwai murya ko babu, za a ga fuskarka ko a'a. Ka ba mai kyamara da mai sauti kwafi, sannan ka nemi izinin duk wanda zai fito, a rubuce ko a gaban kyamara.